Ƙwallon Ragaya

Ni ne Tanimu, mai saƙar ragaya a Ƙofar Marusa,
shekara talatin igiya na cin yatsuna.
Ban taɓa zaton akwai ranar da sana'ata
za ta shiga fili tana gudu ba.

Wata Talata ce, bayan la'asar,
Malam Ɗayyabu, malamin motsa jiki,
ya zo da sanda guda a hammata,
kanta da raga kamar bakin koma.
Ya ce, "Baba, daga kwas na dawo da ita.
Guda ce tak, yara kuwa ashirin.
Sunan wasan lakuros."
Na ce, "Lako-me?"
Na juya ta, na ƙwanƙwasa, roba ce.
Na ce, "Bar ta nan, ka dawo Juma'a."

Dargaza ta ƙi tanƙwaruwa, ko da ɗanya,
geza ta yarda, na naɗe baki da ita.
Ta farko, ƙwallo ta zurare ta gindi.
Ta biyu, ta maƙale sai da aka zazzage.
Ta bakwai ce Malam ya wurga,
ƙwallo ta haye katanga,
ta fasa tulun Iya Dije.
Ni na biya tulun, ina dariya.

Filin ba namu ba ne.
'Yan ƙwallon ƙafa ke da tsakiya,
mu aka bar wa gefen bola,
inda awaki ke kiwon leda.
Mai shayi ya leƙo yana tambaya:
"Fara za ku kama, ko kifi a tudu?"
Wani ya ce wasan waɗanda aka ƙi zaɓa ne.
Bai yi ƙarya ba.
Tasi'u da ƙafarsa ke saɓa wa ƙwallo,
Laminu mai gilashi, Ɗan'asabe gajere,
su ne suka fara.
Suka kasa kiran sunan Malam,
suka raɗa masa nasu: ƙwallon ragaya.

Sai sanda ɗaya ta ɓace a rumfata.
Kwana uku ina zargin ɓarawo,
sai da asuba na ji tim, tim, tim
a bayan ɗakin girki.
Hansatu ce, jikata,
tana jifan bango, bango na mayar mata.
Ta ga ni, ba ta tsaya ba.
Ta ce, "Kaka, ragar nan ta yi zurfi,
ka rage mata ƙulli biyu."
Na rage. Ita ce da gaskiya.
Kafin damina ta tara ƙawaye tara.

Ranar da 'yan Daura suka zo a bas ɗin haya,
alƙalin wasa na karanta doka a waya.
'Yan kallo goma sha ɗaya na ƙirga,
har da mai rake, har da ni.
Sun ci mu huɗu, mun ci biyu.
Amma ta biyun, wayyo, ta biyun!
Tasi'u ya ɗauke ta daga ƙasa,
ya rungume sanda kamar mai ɗauke da ƙwai,
ya kewaye ɗaya, ya kewaye biyu, ya saki.
Mai shayi ya zubar da madara yana ihu.
Har yau musu yake, wai ba shi ba ne.

Ragaya ta daina ciniki tuni,
roba ta kori ƙwarya daga ɗaka.
Amma jiya saƙo ya zo daga Dutsinma:
sanda goma sha biyu, kafin hutu.
Mani na son shida, bashi.

Ba mu cika fili ba tukuna,
rediyo bai san da mu ba,
awaki ma ba su matsa ba.
Ni dai ina zaune ina ƙulli.
Da, abin da na saƙa rataye shi ake
don kada abin ciki ya motsa.
Yanzu a tsufana na koyi saƙar
da ke riƙe abu
don ta sake shi.